Inna, Ciwonki Yana da Suna

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hauwa'u ta unguwar Wambai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban-girma, irin wadda 'ya ke durƙusawa har ƙasa ta yi wa uwa, ina fata kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Ni ce Rakiya. Na san ba a kai takarda inda kike. Na kuma san waɗanda za su karanta wannan mutane ne da ban taɓa gani ba, kowa da wayarsa a hannu. Su karanta, babu laifi. Ni dai da ke nake magana.

Yanzu na girme ki, Inna. Kin tafi kina da shekara talatin da 'yan kai, ni kuwa ga furfura ta gama kaina, gwiwa tana yi mini gardama idan zan tashi daga sallaya. Akwai labarin da na zo miki da shi, amma sai na bi ta baya tukuna, don ki ga inda ya samo asali.

Ina yawan mafarkin gidanmu. A mafarkin kullum damina ce. Ruwa ya ɗauke, kwanon ɗakin Baba yana ɗiga, ƙasa tana ƙamshi, ke kuma kina zaune a kan turmi a gindin mangwaro, kan wata mata yana tsakanin gwiwoyinki. Tsinken kitso a bakinki, man kaɗanya a bayan hannunki. Matan unguwa suna jiran layi a kan tabarma, suna ɓare gyaɗa. Da tsakiyar nan ja, dutsen ado, da kike zagaya wa wuyanki sau uku, don ki rufe ɗan kumburin maƙoƙon da ba kya so a gani. Ni ina ganinsa idan kin sunkuya. Ban taɓa ganin muninsa ba.

A gidanmu muna da kalmomi biyu da babu su a sauran gidaje. Baba yakan dawo daga rumfarsa ta gyaran keke, ya dube ki sau ɗaya, ya ce mini a hankali, "Innarki ta tashi." Wani lokacin kuma ya ce, "Innarki ta kwanta." Ba barci yake nufi ba, ni ma na sani.

Idan kin tashi, gidan duka yakan tashi tare da ke. Kafin azahar kin kitse kai biyar. Kin shafe ɗakuna da farar ƙasa, kin zana furanni a bakin ƙofa da shuni. Kina waƙa, kina dariya, magana tana fito miki da gudu har wata tana hawa kan wata. Barci kaɗan ya ishe ki, abinci ma sai an tuna miki.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ina son waɗannan kwanaki. Ni ce 'yarki ta fari, don haka ba kya kama sunana. "Ke" ce ni, ko "'yar nan". Ba kya yi mini wasa a gaban mutane, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi. Amma idan kin tashi, kunyar takan tafi. Sai in ji daga tsakar gida, da ƙarfi, har maƙwabta suna ji: "Rakiya! Rakiyata, zo ki ga gajimaren nan!" Matan da ke kan tabarma su dubi juna. Ni kuwa in zo da gudu.

Idan kin kwanta, sai gidan ya yi tsit. Ki juya fuska ga bango, mako biyu, mako huɗu, wani lokacin har a girbe gero. A irin waɗannan kwanaki na koyi tuƙa tuwo. A kanki na koyi kitso, domin gashinki yakan cukurkuɗe, ni kuma ba na so a shigo a gan ki haka. Nakan ɗora kanki a cinyata ina tsefewa. Sau ɗaya kin ce mini, idonki a rufe, "Ki yi haƙuri da ni, 'yar nan. Ba ƙiwuya ba ce. Jikin ne ba nawa ba."

Mutane sun ce iska ce. Wasu sun ce hannu aka sa miki saboda kasuwar kitsonki. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi wanka da saiwoyi. Baba bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba. Mutum ne mai shiru. Yakan zauna a ƙofar ɗakinki da magariba yana jan carbi, kamar mai gadin wani abu.

Sai shekarar da rediyo ta ce za a gina sabon babban birnin ƙasa a kusa da mu, har za a ba shi sunan garinmu. A lokacin ai mu ne Abuja. Ina da shekara goma sha biyu. A farkon daminar nan kika haifi Safiya, bayan kin daɗe ba ki haihu ba.

Goggo Hajara, yayar Baba, ta zo daga Diko don ta yi miki wankan jego. Ina tuna tururin da ke tashi daga bayan ɗaki safe da yamma, da warin ganyen darbejiya, da kunun kanwa a ƙwarya. Ina tuna Safiya a cikin zanen atamfa, 'yar mitsitsiya, da gashi baƙi ƙirin kwance a goshinta. Kwanakin farko lafiya lau kike. Kina kallonta kina murmushi, kamar kowace mai jego.

Ranar suna kika fara. Kin yi ta magana da baƙi ba numfashi. Washegari kin rabar da kayan barka, har da zanen da Baba ya yi miki. Kin ce wa Goggo ba kya bukatar barci, wai barci na masu nauyin zuciya ne. Idanunki sun yi wani haske. Na ji Baba yana cewa, "Yaya, ta tashi." Goggo ta ce, "Wane irin tashi? Mai jego ce, zafin nono ne."

Kwana uku bayan haka, da aka idar da sallar asuba, Baba yana masallaci, Goggo tana bayan ɗaki tana hura wutar ruwan wanka, kika taɓa ƙafata. Kin riga kin goya Safiya. Kika ce, "Rakiya, tashi mu je mu nuna wa ƙanwarki dutsen Zuma kafin baƙi su zo su cika wurin."

Inna, ban yi gardama ba. Na san mai jego ba ta fita kafin arba'in. Na san ya kamata in kira Goggo. Amma kin kama sunana, kin kuma riƙe hannuna.

Har yau ban ga safiya irin wannan ba. An kwana ana ruwa, hazon damina ya kwanta a kan gonaki, duwatsu suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Muka bar gari a baya. Ciyawa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Matan Gwari suna tahowa da itace da doya a kafaɗa, suna gaishe mu, kina amsa musu da harshensu, wanda ban san kin iya ba. Kina faɗa mini sunan kowace bishiya. Ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga tsamiya. Kika tsinko mini wani fure ruwan ɗorawa kika soke mini a kitso. Kika ce wata rana za a yi fitilu a nan har su fi taurari yawa, kuma Safiya za ta yi tafiya a ƙarƙashinsu da takalmi mai tsini. Na yi dariya. Ban san gaskiya kike faɗa ba.

Can sai ga Zuma, rabinsa a cikin gajimare, ruwa yana gangarowa ta jikinsa kamar an zuba masa zare fari. Kika tsaya, kika juya bayanki don Safiya ta fuskance shi, kika ce, "Gaishe shi. Ya girmi kowa."

Da mun juya daga nan, da wannan ita ce rana mafi daɗi a rayuwata.

Amma kika bar hanya, kika ce akwai ta yanke. Muka iske wani rafi ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da rassa da kara. Na ce, "Inna, ba zai ƙetaru ba." Kika yi dariya, kika ce, "Ruwan nan ya san ni. Yau babu abin da zai taɓa ni." Kika saki hannuna kika shiga.

Na ga ruwa ya kai miki gwiwa. Na ga ya kai ƙugu. Na ga ya taɓa ƙafafun Safiya, ta fasa kuka. Ke kuwa kina waƙa. Ban san irin ihun da na yi ba, sai dai na ga mata biyu sun yar da itacensu sun faɗa ruwan, ɗaya ta cafke ɗamarar goyon, ɗaya ta rungumo ki ta ƙugu. Suka jawo ki gaɓa kina ce musu, "Me ya faru? Ai da mun ƙetare."

Su suka rako mu har bakin gari. Rana ta yi tsaka lokacin da muka shiga gida. Tsakar gida cike da mutane, Goggo ta ci kuka har idonta ya kumbura. Zanenki ya riga ya bushe a hanya. Kika ce da su, cikin fara'a, "Shan iska muka je. Me ya tara ku?"

Da an bar maganar a nan. Amma Baba ya ja ni zaure, ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tawa, ya ce, "Rakiya, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini. Ina kuka je, me ya faru?"

Na faɗa masa, Inna. Na ce kin shiga ruwa da jaririya a bayanki. Ban san Goggo tana tsaye a bayan asabari ba.

Kafin la'asar an yanke magana. Goggo ta ce ba za ta kwana ta bar jinin ƙaninta a hannun wadda ta so ta jefa shi a rafi ba. Haka ta faɗa, haka kuma maganar ta zagaya unguwa. Na ce ba jefa ta kika so yi ba, ƙetarewa za mu yi. Babu wanda ya saurari yarinya. Aka kwance Safiya daga bayanki. Goggo ta goya ta, ta shiga motar Diko. Kina tsaye a ƙofar gida kina dariya, kina ce wa mutane gobe za a dawo miki da ita.

Da daddare dariyar ta ƙare. Washegari na ga gaban rigarki ya jiƙe da nono, kina zagaya tsakar gida da zanen goyo a hannu.

Maman Dauda ce ta sa baki. Kin tuna ta, matar malamin makarantar nan da suka zo daga wajen Jos, masu haya a gidan da ke bayan namu, wadda take aiki a ɗakin shan magani. Ta shigo ta sami Baba, ta ce, "Malam, ni ba na raina addu'a, mu ma muna yi. Amma na ga irin wannan a wurin masu jego. Ba iska ba ne, ciwo ne. Ka kai Maman Rakiya asibiti a Kaduna." Baba ya ce, "To."

Wata biyu kika yi a can. Kika dawo kin yi ƙiba, tafiyarki ta yi nauyi, hannunki yana 'yar rawa, ga ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda. Babu wanda ya yi mana bayanin abin da ke damunki. An dai ce ki riƙa sha. Kin koma kitso, amma kai ɗaya yakan ci miki yini. Ba ki ƙara kama sunana ba.

Ba a dawo da Safiya ba. Goggo ta ce sai an ga yadda hali zai yi. Aka yaye ta a can, ta yi rarrafe a can, ta fara magana a can. Duk ranar kasuwar Diko mukan je ni da ke. Ki zauna a bakin tabarma, hannuwanki a kan cinya, kina kallonta tana wasa. Ba kya ɗaukarta sai Goggo ta miƙo miki. Idan an miƙo, ki riƙe ta kamar ƙwai, ki yi saurin mayarwa. A mota, a hanyar dawowa, ba kya cewa komai. Sau ɗaya ne kawai kika ce, kina kallon taga, "Gara can. Uwar da ta shiga ruwa da 'yarta ba uwa ba ce."

Na so in ce miki ni na jawo. Na so ki yi mini faɗa, ki ce da na yi shiru. Ba ki taɓa yi ba. Wannan ya fi mini ciwo.

Shekarar da aka sauya wa garinmu suna ya koma Suleja, zazzaɓi ya kama ki a ƙarshen damina. Kwana biyar. Safiya tana da shekara uku. An kawo ta gaisuwa, tana ta wasa da buta a tsakar gida, ba ta san wa aka rasa ba.

To, Inna, ga labarin da na zo da shi.

Ina da 'ya, na sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Bara ta haifi ɗanta na fari. Na je mata zaman jego. Kwana biyu bayan suna na fito da safe na iske ta wanke duk labulayen gidan, ta sauya wa kujeru wuri, tana magana a waya da mutum uku a jere. Ta juyo ta ce, "Mama, ni fa ban yi barci ba tun shekaranjiya, kuma ban taɓa jin ƙarfi irin na yau ba." Na dubi idanunta. Idanunki ne na gani.

Ban jira la'asar ba. Na ce wa mijinta ya ɗauko mota.

Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba ta fi Ummi ba. Bayan ta gama da ita ta zaunar da ni, ta ce, "Mama, akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku?" Shekara arba'in da wani abu ban ba kowa labarin rafin nan ba. Na ba ta. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ga dukkan alamu ciwo ɗaya ne. Muna kiransa baifola. Yanayin mutum ne yake hawa sama ya wuce iyaka, sannan ya faɗo ƙasa ya wuce iyaka. Kuma yana bin jini."

Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, don akwai wadda nake so in faɗa wa. Ba ta tambaye ni wace ce ba.

Ga yadda na fahimta, Inna. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Ɗaya daga cikinsu sunansa sirotonin. Yana da hannu a cikin natsuwar zuciya, da jin yunwa, da haƙuri kafin a aikata abu. Daga shi ne ma jiki yake haɗa wani sinadarin da ke sanar da mutum dare ya yi, a kwanta. A wurin mai irin ciwonki, saƙon nan ba ya tafiya daidai. Ba wai ya yi kaɗan ba ne kawai, ta ce, da haka ne da an ƙara shi an huta. Har ma idan aka ba mai wannan ciwo maganin da ke ɗaga shi, shi kaɗai, yana iya tunzura tashin. Daidaiton ne yake kubucewa, shi da sauran 'yan'uwansa. Ta ce su kansu likitoci ba su gama sanin yadda abin yake ba, ana nan ana bincike. Na ji daɗin da ta faɗi haka. Na fi yarda da wanda ya san inda saninsa ya tsaya.

Sai ta zo kan abin da ya sa ni kuka. Ta ce akwai wasu sinadaran kuma da jini ke ɗauka yana zagayawa da su, ana ce musu homon. Idan mace tana da ciki, na mata sukan yi yawa ƙwarai. Da zarar ta haihu, cikin 'yan kwanaki sai su zube ƙasa gaba ɗaya. Kuma suna taɓa yadda sirotonin yake aiki. Mace mai lafiya ma takan ji girgizar, ta yi ta kuka ba dalili. Wadda kuwa take ɗauke da wannan ciwo, makonnin farko na jego su ne mafi haɗari a gare ta, balle a haɗa da rashin barci. A irin wannan hali mutum yakan gaskata cewa babu abin da zai same shi. Ba mugunta ba ce. Hankalin da ke auna haɗari ne ya tafi.

Ta sa aka ɗebi jinin Ummi don a duba wani abu da ke gaban wuya, wanda shi ma yake fitar da nasa homon. Ta ce idan aikinsa ya yi yawa ko ya yi kaɗan yana iya dagula ciwon. Na ce, "Wurin da maƙoƙo yake fitowa?" Ta ce nan ne. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci a kan wadda ba ta gani ba, amma mai yiwuwa shi ma ya ƙara miki nauyi. Na tuna tsakiyarki ja, zagaye uku.

Na yi mata tambaya ɗaya. Na ce, "Za a raba ta da jaririn?" Ta ce, "Za a sa ido, kada a bar ta ita kaɗai da shi har sai ta daidaita. Amma raba su ba magani ba ne. Abin da take bukata shi ne maganinta a kan lokaci, da barci, da mutanen da ba za su ji tsoronta ba."

Ummi ta yi kwanaki a asibiti. Kullum ina kai mata yaron ta riƙe shi, ina zaune a gefenta. Da aka sallame ta na tare a gidanta wata huɗu. Ni nake kwana da shi don ta samu barci, da safe in kai mata shi har gado. Dangin mijinta sun so su yi magana, na ce duk mai magana ya zo ya same ni. Yanzu yaron yana tafiya, yana bin ta har bakin banɗaki yana kuka. Tana shan maganinta, ta koma aikinta. Wani lokacin takan ji alamar abin yana tahowa, sai ta kira likita da kanta.

Saura Safiya. Ta girma a Diko, ta yi aure a Kaduna, 'ya'yanta huɗu. Muna zumunci, amma irin na biki da gaisuwar mutuwa. Ba ta taɓa tambayata komai game da ke ba. Abin da aka faɗa mata tun tana yarinya shi ne uwarta ta so ta jefa ta a ruwa.

Watan jiya ta zo duba Ummi. Bayan azahar muka zauna ni da ita a ɗaki, na ce yau sai ta ji. Na ba ta labarin safiyar nan tun daga farko. Hazo, da furen, da yadda kika juya bayanki don ta ga dutse. Na faɗa mata maganar fitilu da takalmi mai tsini. Na faɗa mata cewa kina waƙa ne a cikin ruwan, kina so ki kai ta ƙetare. Na faɗa mata rigarki da ta jiƙe, da ranakun kasuwar Diko. Na ce mata ni ce na faɗa wa Baba. Sannan na yi mata bayanin likita, yadda na yi miki yanzu.

Ta jawo jakarta, ta zuge wani ɗan aljihu na ciki, ta fito da kwalin magani ta ajiye a kan gado tsakaninmu. Irin na Ummi ne sak.

Ta ce, "Yaya, tun haihuwata ta fari. Shekara ashirin da biyu ke nan. Daga ni sai mijina sai likita. Na ɓoye ne don kada a ce na gado ta, a ƙwace mini 'ya'ya." Ta murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Ni ma na taɓa ɗaukar ɗana na fita da shi da asuba, ba takalmi. A raina gidan Allah zan kai shi ya gani. Ban taɓa son sa kamar ranar ba. Duk shekarun nan ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma haka ta ji ba."

Muka yi kuka, mu biyu, tsofaffi, har Ummi ta leƙo ta koma. Da muka natsu Safiya ta riƙe hannuna ta ce, "Da ba ki faɗa ba, da wa ya san rafin da za ta sake shiga da ni? Ki sauke wannan kayan, Yaya. Kin ɗauka ya isa."

Ta kwana uku a wurina. Ta tambaye ni tsawonki, da irin muryarki, da abincin da kika fi so. Da za ta tafi ta ce idan ina yi miki addu'a in riƙa cewa daga mu biyu.

To daga mu biyu ne, Inna.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya ba ki natsuwar da ba ki samu a duniya ba. Ya jiƙan Baba da ya zauna a ƙofarki, ya jiƙan Goggo da ta yi abin da take ganin shi ne daidai, ya saka wa matan nan biyu da ban san sunansu ba. Duk wata mai jego da ke cikin wannan hali a yau, Allah ya haɗa ta da wanda zai gane, ya bar mata ɗanta a hannunta. Allah ya tara mu a inda babu ciwo. Amin.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Rakiya, tare da Safiya
Suleja